Filin Tambayoyin Malamai: Ƙagaggen Labari, Rediyo da Wasan Kwaikwayo a Aji

TAMBAYA: Ina koyar da harshe a babbar sakandare. Duk ranar da na ce a rubuta gajeren labari, rabin aji sai su zuba wa takarda ido, sauran kuma su kwafo fim ɗin da suka kalla, ko su rufe da "ashe mafarki nake yi". Wane kayan aiki zan tanada? (Wata malama)

AMSA: Malama, "ku rubuta labari" umarni ne mai faɗi da yawa, kuma yaron da aka sake shi haka abin da ya riga ya gani zai ɗauko. Ki ƙuntata musu fili. Ki yanka kwali girman tafin hannu, kashi uku, kowane kashi da launinsa: na mutum (direban motar asibiti, mai gadin dare, tsohuwa mai gyaran agogo), na wuri (tashar jirgin ƙasa, rufin bene, ɗakin jarrabawa), da na matsala. Idan ɗalibai 40 ne, a rukunin mutum huɗu-huɗu, kati 15 a kowane kashi ya wadatar. Kowane rukuni ya zari ɗaya daga kowane kashi ba tare da ya leƙa ba.

A katin matsala ake yawan ɓata aikin. "Talauci" ko "cin amana" jigo ne, ba ya motsa labari. Ki rubuta abin da mutumin yake so da abin da ya tare masa hanya: "yana so ya mayar da jakar da ya tsinta, amma ya riga ya kashe rabin kuɗin ciki". Daga nan ki ba su minti 10 su yi ta rubutu, ba ɗaga biro, ba gogewa. Iyaka kalma 300, kuma ki haramta ƙarshen mafarki tun farko.

Su keɓe littafin daftari dabam, suna tsallake layi ɗaya don gyara ya sami wurin zama. A dubawar farko kada ki taɓa ƙa'idar rubutu. Ki nemi amsar abu biyu, me jarumin yake so, kuma me ya canja a ƙarshe. Idan jan biro ya mamaye daftarin farko, gobe yaron zai kawo miki gajerun jimloli marasa kuskure, marasa rai. Ƙa'ida sai a daftari na biyu.

TAMBAYA: Manhajarmu ta tanadi koyar da aikin jarida, amma ba mu da kyamara ko ɗakin naɗar murya, sai wayata da kwamfuta ɗaya. Mun gwada bidiyo, ba a jin abin da yaran suke faɗa. (Wani malami)

AMSA: Malam, ka ajiye bidiyo tukuna, ka fara da shirin rediyo na minti uku zuwa biyar. Mai kallo yakan yi haƙuri da hoto mai duhu, amma ba ya haƙuri da muryar da ba ta fita, saboda haka sauti ne abin da ya kamata yara su fara ƙwarewa a kai.

Abin da ya ɓata naɗinku nisa ne da amsa-kuwwa. Makirufon waya yana kwasar duk abin da ke ɗakin, bangon aji da dandaɓen siminti kuma suna dawo da murya. Ka nemi ƙaramin ɗaki mai labule ko kantocin littattafai. In babu, a rataya barguna biyu, ɗaya bayan mai magana, ɗaya a gefensa. A kashe fanka, a rufe taga, a sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse aiki. Tazarar baki da waya kamar taƙi ɗaya, wajen santimita 20, a ɗan karkace, domin iskar da ke fita da "b" da "f" kada ta bugi makirufo kai tsaye. Kada a riƙe wayar a hannu, motsin yatsu yana shiga. A ɗora ta kan tawul da aka ninke.

Kafin kowa ya buɗe baki, a naɗi shirun ɗakin na daƙiƙa 10. Manhajar gyaran sauti ta Audacity, wadda kyauta ce a kwamfuta, tana amfani da irin wannan samfurin wajen rage ƙarar da ke bayan murya, kuma da shi ake cike giɓi in an yanke tuntuɓen harshe. Abin da ba ya gyaruwa da kyau shi ne muryar da ta fashe saboda ihu kusa da waya. Mai ihu ya ja baya taku biyu. A naɗi jimla ɗaya, a saurara da abin sawa a kunne, sannan a ci gaba.

In shirin na buƙatar ƙarar wuta mai ci, leda ce ake murzawa a hankali, tsawa kuma fallen kwano ake girgizawa daga nesa. Tsawon shiri kuwa kada a yi kintace: ɗalibi ya karanta shafi ɗaya a bayyane, a duba agogo, a ninka da yawan shafukan. Sannan ka karɓi izinin iyaye a rubuce kafin muryar yaro ko hotonsa ya fita daga makaranta.

TAMBAYA: Wasan da muka zaɓa 'yan wasa shida yake buƙata, ajina kuwa mutum 50 ne. Sauran surutu kawai suke yi lokacin gwaji. (Malamin adabi)

AMSA: Raba wasan fitowa-fitowa, kowace fitowa da 'yan wasanta. Don kada 'yan kallo su rikice, kowane tauraro ya kasance da alama guda, hula ko gyale ko tabarau, da ake miƙa wa wanda ya gaje shi. Fitowa biyar ta kwashe mutum 30. Ragowar su zama masu tuni da ke riƙe da rubutun, masu kula da kaya, masu sauti, da mai agogo.

Dandamali kuma alli ya isa: shata murabba'i a ƙasa, ka raba shi gida tara, uku-uku, kowane ɗan wasa ya rubuta a gefen takardarsa gidan da zai tsaya. Wannan ne maganin cunkushewa a tsakiya da juya wa jama'a baya. Ka zaunar da mutum biyu a can ƙarshen ɗaki da jan kati, su ɗaga shi duk lokacin da kalma ta ɓace musu, a maimaita layin nan take.