Karatun zanen kwamfuta a jami'a: inda ake yin sa, da laftof ɗin da za ta jure zafin Katsina

Tambayoyin da suka taru a wannan makon duk a kan sana'ar zane da kwamfuta suke, wadda matasa ke kira girafiks. Mun taƙaita su, mun cire gaishe-gaishe.

Wani mahaifi daga Ƙofar Ƙaura ya ce: "Yarona ya gama sakandare. Shi ke yi wa 'yan unguwa katin ɗaurin aure a wayarsa, kuma ya ce abin da zai karanta ke nan. Akwai digirinsa kuwa, ko in kai shi shago ya koya?"

Alhaji, akwai digirinsa, sai dai ba da sunan da yaron yake nema ba. Idan ya buɗe kundin kwasa-kwasan JAMB, ya nemi Industrial Design ko Fine and Applied Arts. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai sashen Industrial Design, kuma girafiks reshe ɗaya ne a cikinsa, tare da zanen yadi da aikin tangaran. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauci da Jami'ar Fasaha ta Akure su ma suna da sashen, amma digirinsu shekara biyar ne, a sa wannan cikin lissafin aljihu.

Akwai hanya ta biyu ga wanda hankalinsa ya fi karkata ga bidiyo da kyamara da tace sauti. A 2020 hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta raba kwas ɗin aikin jarida gida-gida, har da digirin fim da kafofin zamani, kuma Jami'ar Bayero ta Kano tana da tsangaya guda ta sadarwa. Abin da bai kamata yaron ya yi ba shi ne ya cika kimiyyar kwamfuta don ya ga sunan kwamfuta a jiki. Can lissafi ne da rubuta manhaja, ba wanda zai koya masa haɗa launi. Game da jami'o'in gida kuwa, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-ma da Al-Ƙalam, a duba kundin shekarar da zai zauna jarrabawar, don abin da ke rubuce a ciki shi ne hujja. Nan ne kuma zai ga darussa huɗun da kowace jami'a ke so ya rubuta, domin kuskure a zaɓen darasi ɗaya yana iya cinye masa shekara.

Abu biyu ya kamata ka sani tun yanzu. A farkon karatun fensir da takarda da fenti ne, ba kwamfuta ba. Za a ajiye masa tulu ko buta a kan tebur a ce ya zana, ya nuna inda haske ya sauka da inda inuwa ta kwanta, sai ya yi ta yi har idonsa ya buɗe. Kayan nan kuɗi ne kowane zango, ban da na buga ayyuka. Na biyu, akwai zanen siffar mutum a cikin darussan. Idan wannan abin dubawa ne a gidanku, ku tattauna da malaminku tun kafin a biya kuɗin rajista.

Ra'ayinmu shi ne a haɗa biyun. Jami'a tana koyar da dalilin abu: me ya sa wannan fosta ake karanta ta daga nesa, waccan kuma ido ke ruɗewa a kanta. Shago yana koyar da sauri, da halin injin bugawa, da yadda ake fama da mai aiki da ya dawo sau biyar yana cewa a ƙara girman hotonsa. Watannin da ke tsakanin jarrabawar JAMB da fara karatu kada su tafi a majalisa. A kai shi maɗaba'a ya zauna, ko da yankan sitika zai fara da shi. In gurbin jami'a bai samu ba, difloma a wannan fanni tana iya kai shi aji biyu kai tsaye daga baya.

Wata ɗaliba daga Daura ta ce: "Na samu gurbi. Yayana zai saya mini laftof. Mai shago ya nuna masa guda biyu: ta hannu, Core i7 mai RAM 8 da allon taɓawa, da sabuwa fil a kwali mai Celeron da RAM 4. Wacce zan ɗauka?"

'Yar'uwa, a yadda aka kwatanta su, ba ko ɗaya. Sabuwar dai ki manta da ita. RAM ita ce wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, kuma da RAM 4 buɗe manhajar zane kaɗai zai sa ki haɗa shayi ki dawo. Ta hannun kuma an ɓoye miki abin da ya fi muhimmanci, wato zubinta, abin da 'yan kasuwa ke kira jenereshon. Ki duba lambar da ke bayan sunan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, irin su i7 da i5. i7-4600U zubi na 4 ne, na 2013, da hannu biyu yake aiki, wato core biyu, sassan da ke raba aiki a tsakaninsu. i5-8250U zubi na 8 ne, na 2017, hannunsa huɗu, kuma ya fi wancan ƙarfi nesa ba kusa ba duk da sunansa i5. Kada ki sauka ƙasa da zubi na 8, domin daga nan Windows 11 ke karɓa, kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025.

Kuɗin ya fara tafiya ga RAM, mai GB 16 ake so. In aljihu bai kai ba a ɗauki mai 8, da sharaɗin a kwance bayanta a nuna muku ramin da za a ƙara, saboda wasu an liƙe nasu da dalma, yadda aka saya haka za su mutu. Sai ma'ajiya: irin ta zamani mai sauri, SSD, mai GB 512 in da hali. Tsohon faifai mai juyawa, HDD, yana da jinkiri kuma faɗuwa ɗaya ke kashe shi.

Sai allo, wanda shi ne masu saye ba su tambaya, alhali a kansa za ki yanke hukuncin kowane launi. Ki nemi nau'in allon da ake kira IPS, mai ɗigo 1920 da 1080. A bayanin allo za ki ga ko dai 100% sRGB ko 45% NTSC. Na biyun kusan kashi biyu cikin uku na launukan na farkon kawai yake nunawa, ja ya koma kamar na tsohon zane da ya sha rana, ke kuma ki yi ta ƙara masa ƙarfi, sai an buɗe a wata na'ura a ga ya yi yawa. Laftof ɗin ofis irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook suna da ƙwari kuma kayan gyaransu ba su wuya a Kano, amma da yawansu da wannan allon mara ƙarfi suke zuwa, sai an tona. Allon taɓawa kuwa ado ne, kada a ƙara ko sisi dominsa.

Ranar saye yayanki ya zauna a shagon minti talatin, kada kunya ta hana shi. Ya danna Ctrl da Shift da Esc tare, ya shiga Performance, ya karanta lambar firosesa da RAM da irin ma'ajiya da idonsa, ya bar sitikar da ke jikin murfi. Ya buɗe Command Prompt ya rubuta powercfg /batteryreport: ya buɗe rahoton da za ta ajiye, zai nuna ƙarfin batir na asali da abin da ya rage. In ya gaza kashi 70 cikin ɗari, a rage kuɗin sabon batir daga ciniki. Ya cika allon da farin hoto, sannan baƙi, ya nemi ɗigo ko tabo. Ya kwantar da allon baya kaɗan, in launi ya juye ya yi duhu to ba IPS ba ne. Ya kashe ta ya sake kunnawa ya shiga BIOS, wato shafin saitin da ke zuwa kafin Windows, ta hanyar danna F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. In ta nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ya ajiye ta ya yi gaba. A ƙarshe ya sa bidiyo mai nauyi ya bar shi yana tafiya, hannunsa a bakin fanka. Iska mai ɗumi daidai ce. Ƙara kamar injin markaɗe, ko ta mutu da kanta, alamar ta sha wuya ce.

Katin girafik na daban, irin na NVIDIA, sai ga mai niyyar bidiyo mai nauyi ko zanen motsi. Kati da tambari da fosta ba su buƙatarsa, kuma yana shan batir yana ƙara zafi. MacBook Air mai M1 tana riƙe caji sosai, amma ba a ƙara mata RAM, kuma yawancin shagunan da za ki kai aiki da Windows suke.

Bayan an saya, maƙiyanta biyu ne a ƙasarmu. A bazara zafi kan haura 40, kuma laftof in ta yi zafi da kanta take rage gudu. Kada ki ɗora ta a katifa ko filo ko kafet, ƙofofin iskarta a ƙasa suke. Ko littafi biyu ki sa ki ɗaga bayanta. Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke taruwa a bakin fanka kamar auduga. Duk shekara in hazo ya wuce, a kai wa mai gyara ya buɗe ya share ya canza man da ke kan firosesa. In an tada janareto kuma ki bari wutar ta daidaita kafin ki jona caja.

Wani matashi daga Ƙofar Marusa ya ce: "Corel zan koya ko Adobe? Kuma in sayi allon zane mai alƙalami?"

Ɗan'uwa, shagunan bugawa na nan CorelDRAW suka fi riƙe, don haka ka iya shi. Photoshop da Illustrator kuma su za a tambaye ka in ka nemi aiki a kamfani, sai dai Adobe ba ya sayarwa gaba ɗaya, haya ake biya wata-wata, ko da yake yana yi wa ɗalibai rangwame. Kafin ka kai can akwai na kyauta halal: Inkscape don tambari, Krita da GIMP don hoto, Blender don zanen motsi, DaVinci Resolve don tace bidiyo. Affinity ma Canva ya mayar da shi kyauta a ƙarshen 2025. Fasassun manhajojin da ake zuba wa mutane a filashi kuwa, sau da yawa da ɓarawo a cikinsu, mai kwashe kalmomin sirri.

Allon zane ka jinkirta. In ka ga kana zanen hannu kullum, ƙaramin Wacom ko Huion ko XP-Pen mara sikirin ya isa. Kuɗin ya fi amfani a faifan ajiya na waje, inda za ka riƙa kwafe ayyukanka duk Juma'a. Su za ka nuna wa mai ba da aiki, kuma su zai fara tambaya kafin takardar digiri.

Wani ɗalibi ya ce: "Na yi katin walimar saukar Alƙur'ani. A kwamfutata lafiya lau. Da aka buga, duk ƙ da ɗ sun koma akwati, Larabcin ya wargaje, koren ya dushe, an kuma yanke gefen rubutu. Laifin wa?"

Malam, kusan duka naka ne, amma gyaransu ba wuya. Salon haruffan da ka zaɓa babu shi a kwamfutar shagon, sai ta musanya da wani wanda bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Tun farko ka gwada kowane salo da kalmomi uku, ƙofa, ɗaki, ɓera, manya da ƙanana. Noto Sans da Andika da Charis duk suna da su kuma kyauta ne. Kafin ka fita da aiki ka mayar da rubutun zane, a Corel ka zaɓe shi duka ka danna Ctrl da Q. Daga nan ba ya gyaruwa, saboda haka ka ajiye kwafi ɗaya da ba a mayar ba, don mai walima zai iya kira ya ce an ɗaga rana.

Larabci yana wargajewa ne in manhajar ba a saita ta ga rubutun dama zuwa hagu ba, sai haruffan su rabu su juya baya. A Illustrator akwai saitin Gabas ta Tsakiya a wurin tsara sakin layi. In aya ce ko addu'a, ka fitar da gwaji a takarda ka kai wa malami ya karanta, wasali ɗaya ba abin wasa ba ne.

Koren kuma, allo da haske yake haɗa launi, RGB, inji kuwa da tawada huɗu, CMYK, kuma tawada ba ta kai hasken koren allo ko shuɗinsa ba. Ka buɗe aikin bugawa a CMYK tun daga farko, hotuna a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ƙananan rubutu baƙi zalla K100, wato baƙar tawada kaɗai, don kada gefensu ya yi inuwa. Hoton da aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, ka ce a sake turowa a matsayin fayil. Wuƙar yanka kuma ba ta sauka daidai kan layi, don haka launin bango ya zarce gefe da milimita 3, rubutu ya ja ciki da milimita 5. A katin A5, mai 148 da 210, shafin da za ka tura zai zama 154 da 216. Ka fitar da shi PDF, ka biya kuɗin kwafi ɗaya ka riƙe a hannu ka duba a hasken rana, sannan ka ce a saki sauran ɗari biyar ɗin.