Tambaya da Amsa: Inna Ta Faɗi Gwajin Mantuwa, Mu Yarda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likitoci. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, Bafulatana ce, ba ta yi boko ba, tana zaune da mu a Sakkwato. Mun kai ta wani asibiti saboda yawan mantuwa. Aka tambaye ta kwanan wata, aka ce ta riƙa cire 7 daga 100, aka ba ta biro ta kwaikwayi wani zane. Ƙanena ne ya yi tafinta. Ta ci 16 cikin 30, aka ce ruɗewar tsufa ce. Mu yarda?
Wata mai karatu, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Inna lafiya. Kada ku ɗauki makin nan a matsayin hukunci, kada kuma ku watsar da maganar.

Gwajin da kika kwatanta shi ne MMSE, wanda aka fitar a Amurka a 1975, kuma galibi wanda ya ci ƙasa da 24 ake zargi. Sai dai don masu karatun boko aka tsara shi. Lissafin cire 7 maki 5 ne. Shekara da wata da kwanan wata, maki 3. Karanta umarni, rubuta jimla da kwaikwayon zane, maki 3. Kin ga dattijuwa mai cikakken hankali za ta iya zubar da maki 11 a nan kaɗai. Wadda take ƙirga watanninta da Azumi da Layya, ina ruwanta da Oktoba?

Ga matsalar tafinta. Ɗa ba ya son uwarsa ta ji kunya, sai ya sassauta tambaya ko ya ɗan tuna mata amsa, ko kuma ya gajarce abin da ta faɗa. An fi son ma'aikacin lafiya mai jin Fulatanci, domin idan ciwon ya fara, harshen da aka koya daga baya kan riga na uwa rauni. Akwai kuma kunya irin tamu: a tambayi tsohuwa sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Wanda bai san al'ada ba sai ya rubuta ta manta.

Akwai gwaje-gwajen da ba su bukatar biro. Gwajin IDEA, da aka tsara a Tanzaniya aka kuma jarraba a Najeriya, maki 15 ne: a tambaye ta ranar mako da sunan mai garinsu, ta ambaci dabbobi iyakar iyawarta cikin minti ɗaya, a karanta mata kalmomi 10 a nemi ta maimaito su bayan ɗan lokaci, sannan a jera tsinken ashana 4 ta kwaikwayi jerin. Akwai CSI-D, wanda aka yi aiki da shi a wani binciken ruɗewar tsufa a Ibadan da birnin Indiyanapolis na Amurka, yana haɗa gwajin mara lafiya da hirar wanda yake zaune da shi.

Hirar nan ta fi komai nauyi a wurinmu. Abin da ake nema shi ne Inna ta yau idan aka gwada ta da Inna ta shekara biyu baya. Tana rikicewa da raka'o'in Magariba? Tana sake alwala sau uku don ta manta ta yi? Matar da ta yi shekaru tana sayar da nono ba a taɓa cutarta a canji ba, yanzu ta kasa bambance ɗari biyu da ɗari biyar? Ta taɓa ɓata tsakanin gida da maƙwabta? Ku rubuta irin waɗannan, da lokacin da kowanne ya fara, kuma wanda ya fi kowa zama da ita ya raka ta.

Lokacin farawa yana da muhimmanci ƙwarai. Ruɗewar tsufa a hankali take shigowa, cikin watanni ko shekaru. Rikicewar da ta zo cikin kwana biyu ko uku, tana tashi tana sauka, yawanci zazzaɓi ne, ciwon fitsari, ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, ko hawa da saukar sukari. Mai irin wannan rikicewa, asibiti ake kai shi a ranar.

A nemi a duba ji da ganinta tukuna, don wadda ba ta ji kalma ba ba za ta tuna ta ba. A auna hawan jini da sukari, a yi gwajin jini na bitamin B12, na maƙoƙo da na ƙoda, a bincika ciwon damuwa. Ku zo da duk magungunan da take sha a leda ɗaya, har da na barci da na gargajiya. Idan ta taɓa faɗuwa ta bugi kai ko ta samu shanyewar ɓarin jiki, hoton ƙwaƙwalwa ya zama dole. Za ku samu likitocin wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware.

TAMBAYA: Mahaifina tsohon malamin sakandare ne. Ya ci 28 cikin 30, aka ce lafiyarsa ƙalau, amma yana maimaita tambaya ɗaya sau biyar a yini.
Wani mai karatu, Wamakko.

AMSA: Ɗan'uwa, abin da kuke gani a gida ya fi makin nan gaskiya. Mai ilimi mai zurfi yakan haye gwaji mai sauƙi alhali ciwon ya soma. A yi wa Baba gwajin MoCA, wanda ya fi tsauri, ana zargin wanda ya ci ƙasa da 26. Ko ya haye, a ajiye sakamakon, a maimaita bayan wata 6 zuwa shekara a ga ko makin ya sauka.