Kafin Ka Zaɓa Wa Mutum Keken Hawan Dutse

Abu biyu ka tambaye ni, ɗana. Na farko, saurayin nan mai son hawa hanyoyin duwatsun Shere da ke kusa da Jos ya ga kekuna biyu na gwanjo wurin dillali, ya ce ka zaɓa masa. Ɗaya yana ta sheƙi, shakazoba gaba da baya, giya 21, ga araha. Ɗayan fentinsa ya ɗaye, shakazoba a gaba kaɗai, kuma ya fi kuɗi. Na biyu, sabuwar sarƙar da ka sa wa keken malamin makarantar nan tana tsalle da zarar ya taka da ƙarfi, alhali tsohuwar ba ta yi. Da ta biyun zan fara, don a nan kuɗin mai keke ke zurarewa, kuma da ita za ka auna kekunan dillalin.

Sarƙar da ka sa ba ta da laifi. Haƙoran baya ne suka riga suka cinye. Tsakanin kowane fil na sarƙa da na kusa da shi rabin inci ne cif, haka ake ƙera ta. Yau da gobe fil ɗin da zoben da ke juyawa a kansa suna gogar juna, kowace gaɓa ta ɗan saki, sarƙa ta ƙara tsawo. Tana ƙara tsawo tana sassaƙe haƙoran su dace da ita, su biyun suna tsufa tare, shi ya sa tsohuwar ta zauna lafiya a kansu. Sabuwa kuwa ba ta samun gurbinta, sai ta hau bisa haƙori, mutum na danna feda ta zame. Ka lura, a ƙananan haƙora biyu ko uku take yi, waɗanda ya fi tafiya a kansu. Babu wani saitin giya da zai gyara wannan. A sake haƙoran baya kawai.

Ka sa rula a aljihu daga yau. Ka ja sarƙa ta miƙe, ka ɗora farkon rula a tsakiyar fil ɗaya, ka dubi alamar inci 12. A sabuwar sarƙa, tsakiyar wani fil zai faɗo daidai kan alamar. In ya gota da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin sake sarƙa ya yi, haƙora kuma sun tsira. In ya kai kashi ɗaya cikin 8, to sarƙa da haƙoran baya duk sun tafi, wataƙila har da farantin gaba. Kada ka yanke hukunci da ido kaɗai. Haƙoran kekunan giya daga kamfani ma ba daidai suke zuwa ba, wani gajere, wani a karkace, da gangan aka yi su haka don sarƙa ta riƙa hawa da sauka cikin sauƙi. Na sha ganin yara sun ce wa mutum haƙoransa sun karye alhali sababbi ne fil. Cinyayyen haƙori ramin da ke tsakaninsa da na kusa ne ke faɗaɗa, bakinsa ya lanƙwaso gefe guda.

In za ka sayo sarƙa, haƙoran baya za ka ƙirga, ba jimillar giya ba. Giya 21 ai faranti uku ne a gaba, haƙora jeri bakwai a baya. Mai jeri 6, 7 da 8 sarƙa ɗaya suke ci. Daga 9 zuwa sama kowanne da tasa, tana ƙara sirancewa.

Abin da ke kashe sarƙa a garin nan kuwa, baƙin mai ne. Mutum zai wuce garejin masu babur a tsiyaya masa, ya ga sarƙa ta yi shiru, ya ɗauka ya yi gyara. Ya bi ta Bukuru ko Rayfield, ta gefen tsofaffin ramukan kuza, yashi ya manne. Mai da yashi in sun haɗu, sun zama irin kwaɓin nan da makanikan mota ke goge bawul da shi, kuma cikin gaɓoɓin sarƙa yake aikinsa inda ba ka gani. Ka wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka bari ta bushe sarai. Sannan ka ɗiga mai ɗigo ɗaya kan kowane zobe, ka juya feda baya-baya ya shige, ka ɗan jira, ka sa tsumma ka goge na waje har sai tsumman ya daina ɗauko mai. Na ciki ne mai aiki, na waje ƙura kawai yake tarawa. Da hunturu mai mara kauri, kaɗan, a kai a kai. Da damina mai ɗan kauri, kuma a sake bayan kowane ruwa. Ka kuma hana su kai keke wurin wankin mota. Ruwan injin nan yana kutsawa cikin boris ya kore giris, bayan 'yan makonni ka ji cibiyar wili tana gurnani.

To, mu koma wurin dillali. Wanda fentinsa ya ɗaye nake so, in ya ci jarrabawar da zan faɗa maka. Mai sheƙin nan na san irinsa ko ban gan shi ba. Shakazobarsa ta baya sifirin ne tsirara, babu mai a ciki da zai tare dawowarsa, sai ya riƙa wullo mutum sama a kan gargada, a hawa kuma ya shanye rabin ƙarfin da ake takawa. Mahaɗin da bayan keken ke lilo a kansa ƙusa ce da 'yar roba. In ta saki, wilin baya ya fara rawa hagu da dama, kuma ba ka da abin da za ka maye ta da shi. Ɗaga shi ma ka ji nauyi. Akwai kekuna masu shakazoba biyu na gaske, ba na musu, amma kuɗinsu ya ninka wannan sau da yawa, kuma robobinsu da mansu ba a kasuwar Terminus za ka same su ba. Araha ba ta ado.

Ka fara da firam, don shi kaɗai ne ba a sakewa. Ka je da tsumma da tocila. Ka goge wajen walda a wuya, musamman ta ƙasa inda babban bututu ya haɗu da shi, da wajen da feda ke juyawa, da inda sandar sirdi ke shiga. Ɗayewar fenti ba komai ba ce. Abin da kake nema siririn layi ne baƙi da ya bi gefen walda, ko fenti da ya yi tattara a bayan wuya, alamar keken ya taɓa dukan wani abu da gaba. Firam ɗin ƙarfe in ya tsage mai walda zai iya ɗinke shi. Na alminiyam kuwa, zafin walda yana raunana wurin, a kamfani sai an sake gasa firam ɗin gaba ɗaya kafin ƙarfinsa ya dawo, mu ba mu da wannan tanderun. Tsagaggen alminiyam ka bar wa dillali kayansa ko kyauta ya ba ka. Ka kwance sandar sirdi ka ga tana motsi, don wasu sun shekara a manne, fitar da su sai da yanka.

Saurayin ya je da kansa ya tsaya da keken tsakanin ƙafafunsa. A samu tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da bututun sama, don a kan dutse dirowa ba ta sallama. Keken da ya yi wa mutum girma ba shi da magani.

Sai ka matse burkin gaba ka tura keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas, ka ɗora yatsa ka gano ko boris ɗin wuya ne, wanda ɗauri kawai yake so, ko kuwa ƙafafun shakazoba ne suka saki. Ka duba bututun nan biyu masu santsi da ke shiga suna fita. Tsatsa ko karce mai zurfi a kansu yana yage robar da ke tare ƙura. Shakazobar SR Suntour mai sifirin ta ishi mai farawa, ba ta da rigima. In RockShox ce ko Fox mai iska, alheri ne, amma ya sani tana da ɗan famfonta na musamman, kuma ana sa iska ne yadda in ya hau za ta nutse kamar kashi ɗaya cikin biyar na tsawon tafiyarta.

Ka karanta sunan da ke jikin kayan giya, dukkansu, ba na baya kaɗai ba, don an san nan ido ke fara zuwa. A kayan Shimano, Tourney ne na ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, sannan Deore. Daga Acera zuwa sama na yarda da su a kan dutse. Daga nan ka tsuguna a bayan keken ka dubi 'yan wili biyun nan da sarƙa ke ratsawa. Su kasance a miƙe ƙarƙashin haƙorin da sarƙa take kai. In sun karkata ciki, ɗan ƙarfen da aka rataya giyar a jikinsa ne ya lanƙwashe, kuma kusan duk keken da ya sha matsi a kwantena da haka yake isowa. An yi shi da laushi ne da gangan, don ya lanƙwashe a madadin firam. Shi za ka fara miƙewa a hankali kafin ka taɓa ƙusoshin nan biyu masu alamar H da L. Aikinsu iyaka ne kawai, H ta hana sarƙa faɗowa ta wajen ƙaramin haƙori, L ta hana ta afkawa cikin wayoyin wili. Wanda ya kwance L da ka, a hawa na farko giya za ta shige wili, ta tafi da wayoyi da kanta.

Akwai wani abu a cibiyar baya da ba kowa ke dubawa ba. Kekuna masu araha firiwil ne da su, wanda ake murɗawa a jikin cibiya kamar na kekunanmu na da. In jerin haƙora ya kai bakwai, boris ɗin dama yana can ciki nesa da firam, sandar tsakiya ta yi tsawo babu abin da ya tallafe ta, tsalle kaɗan ta lanƙwashe ko ta karye. Mai kaset, wanda haƙoran ke zurawa a ɗaure su da zobe, boris ɗinsa yana kusa da baki, ya fi jure duka. Cire wilin ka juya sandar da yatsu, in ta lanƙwashe za ka ga bakinta yana lilo.

Burki kuma, in na mai ne, ka buɗe ido. Shimano da Tektro man ma'adini suke sha, nasu na musamman. Avid da yawancin SRAM na gwanjo man burkin mota suke sha, DOT 4 ko 5.1. A rubuce yake a murfin da ke hannun burki, ka karanta kafin ka zuba komai. Man mota a burkin Shimano yana kumbura robobin ciki, burkin ya mutu murus. Kada ka matse hannun burki in wili ba ya ciki, kuma kada ɗigon mai ya taɓa faifan da burki ke kamawa ko takalmin burki, don in ya sha mai sai ihu babu kamu. Faifan Shimano in ya sirance zuwa milimita 1.5 ya gama aiki. Ni dai a wurinmu ban raina burkin faifai mai kebur ba, ko ma mai kama rim. Abin da za ka iya gyarawa da filaya da alanki a gindin dutse ya fi mini kwanciyar hankali.

Wili mai inci 26 ya fi sauƙin samun taya da tub a kasuwa. Mai 29 ya fi haye duwatsu da daɗi, amma ya tanadi tub tun da wuri. Kada wani ya sayar maka da tayar 28 ta tsohon Raleigh ko Phoenix ya ce za ta shiga. Dubi lambar da ke gefen taya: 26 tana da 559, 27.5 tana da 584, 29 tana da 622, tsohuwar 28 kuwa 635 ce. Kuma ka bar ɗabi'ar cika taya ta yi tauri irin ta keken dako. A kan tsakuwa taya mai tauri zamewa take. Wajen PSI 30 a ma'aunin famfo ya ishi mutum matsakaici. In ta yi laushi da yawa, bakin dutse zai matse tub da rim, ka ga huda biyu a jere. Huda ɗaya ƙaya ce, galibi tsidau, sai ka shafa cikin tayar da yatsa ka ciro ta kafin ka mayar da tub, in ba haka ba facinka na banza ne.

Duk abin da rula ta nuna, ka cire kuɗinsa daga farashin a gaban dillali, sarƙa da haƙora da takalmin burki da kebur. Ka kuma ce wa saurayin kada ya juye aljihunsa duka a kan keken. Yana bukatar tub na ajiya, ƙaramin famfo, alanki mai lamba 4, 5 da 6, gaɓar haɗa sarƙa daidai da jerin haƙoransa, safar hannu, da ruwa fiye da yadda yake zato, don sanyin Jos yana ɓoye ƙishi. Hular kwano kuma dole ce. In ta gwanjo zai saya, ku juya ta ku duba soson nan mai tauri na ciki, ku ɗan buɗa ta da hannu biyu a gaban haske. In akwai tsaga ko wurin da ya lotsa, ta riga ta sha faɗuwarta, ku ɗauki wata. In ya sa, ta sauko ta rufe goshi, igiyar kuma ta kama yadda yatsa biyu kaɗai za su shiga ƙarƙashin haɓa.