Kafin ka bar Samaru: abin da ke kayar da ɗalibanmu a Ingila

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin ka samu gurbin digiri na biyu a nan Ingila. Allah ya sanya alheri. Zancen biza da kuɗin haya da rigar sanyi mu bar shi sai mun yi waya. Tambayarka ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai: me ya sa wasu da suka fito da sakamako mai kyau daga Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) suke zuwa nan su yi ta fama, har wasu su faɗi? Ka ce ko Turanci ne.

Galibi ba Turanci ba ne, ba kuma rashin kai ba. Wanda ya tsallake JAMB, ya jure yajin aiki da ɗauke wuta a harabar Samaru ko ta Kongo har ya fito da digiri, ba a yi masa gorin ƙwaƙwalwa. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne ba a taɓa zaunar da su an koya musu yadda za su tafiyar da kansu ba. A gida akwai masu tura ka ta ko'ina. Wakilin aji zai sanar da ranar gwaji, abokai su buga maka ƙofa, malam ya yi barazana, idan jarrabawa ta matso a cika ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, wasu su kwana a aji suna hadda. Da haka ake wucewa.

Nan babu mai bin ka. Digiri na biyu wata 12 ne, kiredit 180, kuma kowane kiredit ana lissafa shi a matsayin awa 10 na aiki. Awa 1,800 ke nan, kusan awa 35 kowane mako, alhali zaman aji ɗan kaɗan ne daga ciki. Sauran duk an bar maka. Tun makon farko za a sa ranakun miƙa ayyuka a intanet, shi ke nan, ba wanda zai sake tuna maka. Jami'o'i da yawa suna zabtare maki a kan kowace ranar da ka makara, makin ci kuma 50 ne a yawancinsu. Ga aikin awa 20 a mako da biza ta yarje maka, wanda da wuya ka iya barinsa saboda haya. Ga girki, ga wanki, ga kewar gida.

Masana ƙwaƙwalwa sun daɗe suna nazarin wannan iya tafiyar da kai. Adele Diamond, malama a Jami'ar British Columbia ta Kanada, ta tattara binciken a 2013 ta nuna ginshiƙai uku: iya riƙe abu a kai kana aiki da shi, iya danne zuciya idan ta ja ka ga abin da ba shi ne gabanka ba, da iya sauya dabara idan ta farko ta ƙi. Daga waɗannan ne tsara aiki da warware matsala suke tsirowa. Cibiyarsu tana sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Abin da ya fi faranta mini rai a ciki shi ne ana koyon su, kuma suna ƙaruwa da yawan yi. Don haka kada ka jira sai ka sauka a filin jirgi. Watannin da suka rage maka a Zariya su ne makarantarka.

Fara da sauke wa kanka kaya. Duk abin da za ka yi, rubuta shi a wuri guda, littafi ɗaya ko kalandar waya. Idan aka ba ka wa'adi, ka lissafo daga ranar miƙawa ka dawo baya: yaushe zan gama karatu, yaushe rubutun farko, yaushe gyara. Sannan ka ƙara kwanaki a kai, domin tun 1979 masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky suka bayyana yadda ɗan Adam yake raina lokacin da aiki zai ci, ko da ya sha yin irinsa. Kuma "zan yi karatu gobe" ba shiri ba ne. Wani masanin, Peter Gollwitzer, ya nuna cewa niyyar da aka ɗaura wa lokaci da wuri ta fi cika. Mu kuwa muna da abin ɗaurawa: idan na idar da Asuba, zan zauna a tebur in rubuta shafi ɗaya kafin in taɓa waya. Sai dai ka sani lokutan salla a nan suna yawo ƙwarai. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba su taru a cikin 'yan awoyi, don haka jadawalin da ka gina a Satumba sai ka sake masa zubi.

Waya kuwa, ba na ba da shawarar a yi ta kokawa da zuciya. Ka ajiye ta a wani ɗaki. Zaurukan WhatsApp na dangi da na 'yan ajinku ba za su ƙare ba, kuma da zarar an ji kana Turai buƙatu za su ninku. Ka ware musu lokacinsu, ka faɗa wa su Inna tun yanzu cewa ga sa'ar da za a riƙa samunka.

Wajen riƙe karatu, ka tuna makarantar allo. Ba a wanke allo sai yaro ya kawo hadda da ka, kuma ana komawa tilawar baya kullum don kada ta zube. Binciken masana Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 ya tabbatar da hikimar: wanda ya rufe littafi ya gwada tuno abin da ya karanta ya fi mai maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda. Abin da za ka ƙara a nan shi ne, bayan ka tuno, ka tambayi kanka ko ka yarda da marubucin, domin a kan hujjarka ake ba da maki.

Ginshiƙi na uku, wato sauya dabara, ya fi ba mu wuya, saboda kunya. Malamin da ke duba kundinka zai iya cewa ka rushe babi guda ka sake. Ba raini ba ne, aikinsa ke nan. Idan kuma rashin lafiya ko rasuwa a gida ta tsayar da kai, ka nemi ƙarin lokaci kafin wa'adi ya cika. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ga ɗalibai masu hazaƙa sun yi shiru har abu ya lalace, alhali saƙo ɗaya zai wadatar, kuma hakan yana ci mini rai. Wanda ya lura tun yarinta hankalinsa ba ya tsayawa wuri guda duk ƙoƙarinsa, jami'o'in nan suna da ofishin tallafa wa irinsa, ya je a duba shi.

Tunda har yanzu kana koyarwa a sakandare a Tudun Wada, ka gwada wannan a kan ɗalibanka kafin ka tafi. Maimakon ka ce su kawo aiki nan da mako biyu, ku yanka shi tare a allo, kowa ya rubuta abin da zai gama ran Laraba da abin da zai gama ran Asabar, ka riƙa dubawa. Bayan zango ɗaya ka janye hannu kaɗan, su yanka da kansu. Kai ma ka zaɓi littafi ɗaya a fanninka, ka ba kanka mako huɗu ka rubuta shafi biyar a kansa, ka turo mini jadawalin da ka tsara da ranar da zan sa ran ganin rubutun. Ka gaida su Baba da Inna da kyau.