Sigina ya cika amma intanet na tafiyar hawainiya

Ka ce ka jona rauta ta biyu, wato na'urar raba waifai, a matsayin rifita mai ƙara wa waifai nisa, sandunan sigina sun cika a waya amma intanet ba ya motsi, wasu wayoyin ma sun ƙi shiga. To yarona, ko ban je ba na san inda ka ajiye ta, can cikin ɗakin da netwok ba ya kaiwa ko? Nan ka fara kuskure. Rifita ba ta ƙera sigina, abin da ta ji shi take maimaitawa, sandunan nan da kake gani tsakanin wayarka da ita ne kawai, ita kuwa da ƙyar take jiyo babbar rautar. Ka dawo da ita tsakiyar hanya inda sigina ke da ƙarfi, in ka auna da waya kar ya gaza wajen -65 dBm a ma'aunin ƙarfin sigina. Kuma ka sani ko ka ajiye ta daidai gudun zai ragu kusan rabi, don rediyo ɗaya ne yake karɓa yake kuma turawa, ka faɗa wa mai gidan tun kafin ka fara, kar ya zo yana ganin kai ka ɓata masa.

Wayoyin da suka ƙi shiga kuwa DHCP ne, wato tsarin da ke ba kowace na'ura lambar IP, adireshinta a netwok, ka bar shi a kunne a duka biyun kowacce na raba lambar IP. Ka kashe na ƙaramar, amma fa ka fara canza mata adireshi tukunna, in babbar 192.168.1.1 ce ita ka ba ta 192.168.1.2, lambar da babbar ba ta rabawa. Na sha ganin yara sun tsallake wannan sai sun danna risat sun sake daga farko.

Akwai kuma wasu hanyoyin jona ƙaramar. Birij shi ne za ta kama waifai ta miƙa wa kwamfuta ko talabijin ta kebul. In da WDS za ka yi, wato haɗa rauta biyu ta waifai ba kebul, tasha ɗaya za ka sa su, 1 ko 6 ko 11 a zangon waifai na 2.4 GHz, kar ka bar ta tana zaɓa da kanta, faswod da tsaron WPA2 su zo ɗaya, wasu har lambar MAC ta babbar, wato lambar shaidar na'urar, suke nema. Kamfani daban daban kuma sau da yawa WDS ɗinsu ba ya jituwa, kar ka kwana a kai.

Ni dai in akwai hanyar jan kebul daga ramin LAN na babbar zuwa ramin LAN na ƙaramar shi nake yi, gudun ba ya raguwa. Gobe ka tafi da kebul a jaka, ka duba ko zai bi ta silin.