Ƙwayoyin filatinam na batirin haidirojin: iya ƙanƙanta iya kyau?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar kimiyyar sinadarai ce. Na karanta cewa batirin haidirojin yana aiki da ƙwayoyin filatinam 'yan mitsi-mitsi. Yaya ake yin su? Kuma iya ƙanƙantarsu iya kyansu ne?

Amsa: 'Yata, tsada ce ta kawo wannan wahala. Kusan kashi 70 cikin ɗari na filatinam da ake haƙa a duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa, kuma a cikin batirin, wanda ke haɗa haidirojin da iskar oksijin ya ba da lantarki, atom ɗin da ke fuskar ƙwaya kaɗai ke aiki, na ciki zaman banza yake yi. Giram ɗaya in aka raba shi ƙwayoyi masu faɗin nanomita 10 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), fuskarsa murabba'in mita 28 ce. A nanomita 2 sai ta kai 140.

Ba niƙa ƙarfen ake yi ba, gina ƙwayar ake yi daga atom. Hanyar da na fi so ita ce ta etilin gilaikol, ruwan nan da ake sawa a lagireton mota. A narka sinadarin H2PtCl6 mai ɗauke da filatinam a ciki, a zuba kostik soda irin ta masu yin sabulu, a dafa a zafin digiri 160 na ma'aunin Salsiyas na kimanin awa 3. Kina tsaye za ki ga ruwan ya tashi daga rawaya ya koma ƙasa-ƙasa mai duhu, alamar ƙwayoyi sun fito ke nan. Sirrin yana ga sodar. In ta wadata, gilaikol ɗin da ya sauya yakan lulluɓe kowace ƙwaya ya hana ta manne wa 'yar'uwarta, sai a samu nanomita 1 zuwa 2. In aka rage ta, sai su girma. Daga nan a zuba asid su kwanta, a wanke, a shimfiɗa su kan baƙin garin kabon kamar Vulcan XC-72.

Abin da ya sa nake son hanyar, ba ta buƙatar PVP, wani sinadari da ake lulluɓe ƙwayoyin da shi a wasu hanyoyin. Shi PVP yana tsare girma da kyau, amma yakan liƙe wa fuskar ƙarfen, fitar da shi kuwa jan aiki ne.

Tambayarki ta biyu, amsarta a'a ce. Ƙwaya in ta cika ƙanƙanta, yawancin fuskarta kusurwa ce da gefe, su kuma sukan riƙe iskar oksijin gam su ƙi saki, sai aiki ya yi sanyi. Ga saurin narkewa: cikin asid ɗin batirin ƙananan sukan narke su koma jikin manyan, fuskar da aka sha wahala a kanta ta ragu. Shi ya sa ake harin nanomita 2 zuwa 4, wasu kuma su gauraya filatinam ɗin da ƙarfen kobalt, kamar yadda Toyota ta yi a motarta Mirai ta 2014.