Ku Tambayi Anti: Fita shagalin unguwa da wasan mawaƙa a ƙarshen mako lokacin kaka

Wasiƙun wannan satin daga masu karatunmu na ƙasashen sanyi suka zo, kuma kamar sun haɗa baki, kowa maganar fita yake yi a wannan lokaci da ganye ke ja yana zuba. Na ɗauko guda uku.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Wata bakwai ke nan da muka koma wani ƙaramin gari a Ingila, ni da maigidana da yara biyu, babban shekara shida, ƙaramar uku. Tunda Satumba ta kama duk inda na duba fosta ce, a laburare, a tashar bas, har cikin jakar makarantar yaro ana sako takarda, wai wasan makaɗa a fak, wato filin shaƙatawa, ranar Asabar, wai bikin girbi a makaranta, wai wasan wuta. Maigidan aiki yake yi Asabar da Lahadi, ni kuma wallahi nauyi nake ji, ban san kowa ba, gani nake in na je ido za a zuba min. Yaran kuma sun ishe ni da rigima a gida. In je ko in haƙura?
Maman yara biyu, Ingila

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki je. Tun ban kai ƙarshen wasiƙarki ba na san abinda zan ce miki ke nan, kuma ki je yanzu, kar ki ce sai kin ƙara sabawa da garin, don lokacin ba jiranki zai yi ba. A Landan farkon Satumba rana ba ta faɗuwa sai bayan bakwai da rabi, amma ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan kafin biyar na yamma ta yi rana ta faɗi, zuwa tsakiyar Disamba kuwa ko huɗu ba ta kaiwa. Kowa ya shige gida ya ja ƙofa. Shi ya sa kika ga fostocin sun yi yawa a watannin nan, mutanen garin ma sun san abinda ke tafe, suna ɗan wawurar sauran hasken ne. Maƙwabciyar da ba ki gaisa da ita a Oktoba ba, sai ki ga Maris ta zo ko sunanta ba ki sani ba, kuma zaman kaɗaici cikin duhu da yara biyu abu ne mai cin rai, bana so ki ɗanɗana shi.

Maganar ido kuma ba zan yi miki ƙarya ba, wani zai kalle ki, sabuwar fuska ce a ƙaramin gari. Amma ki san su waye suke haɗa irin wannan taro: iyayen yara ne, da tsofaffin da suka yi ritaya, da 'yan sa-kai da suka yi sati suna jan kujeru, babban tsoronsu shi ne a buɗe ƙofa ba wanda ya zo. Ke da yaranki mutum uku ne kuka ƙaru a lissafinsu.

Ni ma na taɓa zama baƙuwa a irin garin nan. Na tuna Asabar ɗin da na fara fita, wata rumfa ce zagayayya a tsakiyar fak, masu busa kamar goma sha biyar a ciki, yawancinsu masu furfura sai wata 'yar yarinya da ƙahonta ya kusa rufe mata fuska, sanyi har kana ganin numfashinsu na fita kamar hayaƙi tsakanin waƙa da waƙa, jiƙaƙƙen ganye ya manne a tayar keken jaririyata ina ta fama turawa. Ɗana ya zame ya je gaba ya tsaya yana kwaikwayon hannun mai ba su umarni, ni kuma kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai wata tsohuwa ta janye bargonta daga kan benci ta nuna min wurin da hannu. Ba mu yi wata doguwar hira ba fa, amma ita ce ta gaya min ranar da iyaye mata ke haɗuwa da ƙananan yara a laburare, kuma daga can na samu duk ƙawayen da na yi a garin.

Ki fara da na rana, na kyauta, wanda za ki iya takawa da ƙafa. Laburare ya fi kowa sanin abinda ke faruwa, ki tambayi wanda ke kan tebur kai tsaye, sai shafin majalisar garinku a intanet da zauren unguwa na Facebook. Bikin girbi na makaranta shi ya fi sauƙi, tunda ɗanki ɗan gida ne a can, yawanci yara kan kai kayan gwangwani a tara wa mabuƙata, a ɗan yi waƙe-waƙe a tashi. Akwai kuma Heritage Open Days da ake yi duk Satumba a Ingila tun 1994, ana buɗe tsofaffin gine-gine kyauta kowa ya shiga, in ya wuce ki bana ki riƙe shi don baɗi.

Wasan wutan da kika gani na 5 ga Nuwamba ne, tunawa da 1605 lokacin da aka kama Guy Fawkes da gangunan albarushi a ƙarƙashin majalisar dokoki. Garuruwa da yawa kan matsar da shi zuwa Asabar mafi kusa. Da dare ake yi kuma ƙarar ba wasa ba ce, 'yar shekara uku tana iya firgita, don haka in za ku je ku tsaya can baya, ki sa mata abin toshe kunne irin mai kama da hedifon.

Sai sutura. Tsayuwa wuri ɗaya ta fi tafiya sanyi nesa ba kusa ba, kuma ta tafin ƙafa yake shigowa, ki sa musu safa mai kauri da takalmin da ruwa baya shiga, riguna biyu ko uku marasa nauyi sannan jaket a sama, sun fi ƙatuwar riga ɗaya don kina iya ragewa in kun shiga ɗaki mai ɗumi. Ki duba bas ɗin ƙarshe kafin ki fita, na Lahadi ba su da yawa. Kuma ki ce wa kanki awa ɗaya kawai za ki yi, in ta yi kin gaji ki kwashi 'ya'yanki ku dawo, kin dai je.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Daren Asabar na je wasan wasu mawaƙa a wani ƙaramin zaure a unguwarmu, na tsaya dab da sifika, tun daga lokacin kunnena ke wani ƙara ziiii, yau kwana biyu. Matsala ce?
Wani ɗalibi, Jamus

AMSA: Ɗana, kunnenka ne ke gaya maka an zalunce shi. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti, ƙara mai tsanani tana wahalar da su, wanda ya mutu a cikinsu kuma ba ya sake fitowa. Sau da yawa ƙaran kan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, ka huta da iyafis ka guji hayaniya, in ya ƙi tafiya ka ga likita, in kuwa ka ji jinka ya ragu farat ɗaya musamman a kunne guda to yau ɗin nan za ka je, ba gobe ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) har awa 40 a sati ba matsala, in ya kai 90 ya koma awa 4 kacal, a 100 kuwa ko rabin awa ba ta kai ba, kuma 100 ɗin nan shi ne iyakar da ta sa wa wuraren kiɗa a ƙa'idar da ta fitar a 2022. Ka ga ke nan wasa ɗaya na iya cinye maka rabon satin gaba ɗaya. Ƙaramin zaure ma ya fi fili haɗari tunda bango na dawo da sautin. Nan gaba ka matsa nesa da sifika, ka sayi 'yan robobin toshe kunne a kemis, za ka ji kiɗanka sarai, kuma ka riƙa fita waje kana ba kunnen hutu.

TAMBAYA: Hajiya, ɗana mai shekara 17 ya dage sai ya je wani babban wasan mawaƙa da abokansa ƙarshen Oktoba, dubban mutane ne a fili. Ni turmutsutsu nake tsoro. In hana shi?
Wani uba, Amurka

AMSA: Malam, tsoronka na kan hanya. Ranar 5 ga Nuwamba 2021 a bikin mawaƙa na Astroworld a birnin Houston na Amurka, cikin taron mutum kusan 50,000, an yi turmutsutsun da ya yi sanadin rasuwar mutum 10, ƙaraminsu ɗan shekara 9. Bayan shekara guda, daren Asabar 29 ga Oktoba 2022, mutum 159 suka rasu a wani siririn lungu mai gangara a unguwar Itaewon ta birnin Seoul na Koriya ta Kudu, yawancinsu matasa da suka fita shagalin Halloween, bikin da ake yin shigar ban tsoro a ƙarshen Oktoba. Abinda mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba tattakewa ce ta fi kisa ba, matsewa ce, mutum yana tsaye a kan ƙafarsa ƙirji ya kasa buɗewa ya ja numfashi.

Duk da haka ni ban ga ka hana shi ba. Baɗi fa shekararsa 18, zai je ko ka sani ko ba ka sani ba, gara ya fara zuwa yanzu da kake da bakin gaya masa abinda zai yi. In wasan na da tikitin kujera ka biya masa bambancin, ya fi na tsayuwa kwanciyar hankali. In na tsayuwa ne, sharaɗinka shi ne ba zai je gaban siteji ba, can ne matsin ya fi taruwa musamman lokacin da babban mawaƙin zai fito, ya tsaya gefe, kuma da shigarsa ya nemo ƙofar fita biyu da idonsa, ban da wadda ya shigo ta ita, don ita kowa zai nufa.

Ka zaunar da shi ka nuna masa da jikinka, kar ka tsaya a faɗa da baki kawai. In ya ji ana taɓa shi ta kowane ɓangare har ba ya iya ɗaga hannu ya taɓa fuskarsa, lokacin fita ya yi, ko da waƙar da ya fi so ake yi. Ya ɗaga hannuwansa ya kare ƙirji kamar ɗan dambe don ya samu wurin numfashi, kar ya yi kokawa da igiyar mutane, ya bi ta yana zamewa a karkace zuwa gefe duk sanda ta ɗan sassauta. Waya ko takalmi in sun faɗi ya bar su, kar ya sunkuya. In shi ne ya faɗi ya kasa tashi, ya kwanta ta gefe ya dunƙule ya kare kansa da hannu.

Netwok kan ɗauke a irin taron nan saboda yawan wayoyi, don haka kar ku dogara da kira. Ku tsayar da wuri guda a waje da fili, da ƙarfe nawa, shi da abokansa duk su sani, ya rubuta lambarka a takarda ya sa a aljihu ko da caji ya ƙare. Ƙarshen Oktoba dare na da sanyi, zai fito jiƙe da gumi, ka je ɗaukarsa da kanka ka riƙe masa jaket a mota.